Me ya kai injiniya ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki?

Ɗalibin Kanikanci:
Assalamu alaikum. Ina aji uku a sashen injiniyan kanikanci, kuma a wani darasi malaminmu ya ambaci Farfesa Neville Hogan na jami'ar MIT da ke Amurka, ya ce mutumin ya ƙarar da shekarun aikinsa wajen nazarin yadda ƙwaƙwalwa ke sarrafa motsin hannu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mene ne haɗin injiniya da aikin likitoci? Kuma na'urar da aka ce ya ƙera, ta taɓa tayar da wani majinyaci kuwa?

Tsohon Malami:
Wa'alaikumus salam, ɗana. Hogan ɗan ƙasar Ayalan ne, ya kammala digirinsa na uku a MIT a 1977, kuma yana da kujera a sassa biyu, na kanikanci da na nazarin ƙwaƙwalwa. A 1985 shi da wata mai bincike, Tamar Flash, suka bayyana da lissafi abin da kowa ke yi bai sani ba: idan ka miƙa hannu za ka ɗauki kofin shayi, hannun yakan bi hanya kusan miƙaƙƙiya, ya fara a hankali, ya ƙara sauri a tsakiya, sannan ya lafa kafin ya taɓa kofin, ba tare da fizga ba. A wannan shekarar kuma ya fitar da aikinsa kan yadda na'ura za ta riƙa sassauta ƙarfinta gwargwadon abin da ta taɓa. Injin masana'anta ba ruwansa da wanda ke gabansa, inda aka saita shi nan zai je ko da zai karya ƙashi. Ita kuwa MIT-Manus, na'urar atisayen hannu da Hogan da abokan aikinsa suka ƙera don masu shanyewar ɓarin jiki, wadda suka fara gwadawa a asibitin Burke na jihar New York a 1994, takan bar majinyaci ya yi iya ƙoƙarinsa, sai ya gaza ta tallafa masa.

Likitar Gashin Ƙashi:
Malam ya yi bayani, amma tambaya ta biyu tana buƙatar taka-tsantsan. Majinyaci yakan zauna a ɗaure masa hannu a mariƙin na'urar, yana kai alama zuwa wasu ɗigo a allon kwamfuta, ya maimaita fiye da sau 1,000 a zama guda, adadin da ni da hannuna zai yi mini wuyar kaiwa. Sai dai a gwajin da aka wallafa a 2010 kan tsofaffin sojojin Amurka 127, na'urar ba ta fi likitan da ya ba da atisaye mai yawa irin nata ba, kodayake bayan makonni 36 ta ɗara kulawar da aka saba bayarwa. Wani gwajin a Birtaniya a 2019, mai mutum 770, bai nuna ta fi kulawar yau da kullum wajen dawo da aikin hannu ba. A ganina maimaicin ne maganin, na'urar dai ba ta gajiya ne kawai.

Ɗalibin Kanikanci:
Na gode, Malam, na gode, Likita. Ke nan idan zan bi wannan fanni, sai na haɗa darasin sarrafa na'ura da ilimin jijiya da tsoka. Likita, ko za a bar ɗalibi irina ya zauna ya kalli yadda kuke atisayen hannu a lokacin hutu?