Wane suna za mu ba larurar Tourette da Hausa?

1/ 'Yan uwa masu nazarin harshe, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya, ina so mu haɗu mu tsayar da suna. Akwai larurar da likitoci ke kira Tourette, kuma har yau ba mu da kalmar da muka yarda da ita a Hausa. Da yake babu suna, kowa sai ya ɗauko wanda ya fi kusa da hannunsa. A gida a ce iskoki ne, maƙwabta su ce farfaɗiya ce, malami a aji ya ce shaƙiyanci ne ya ɗauko bulala. Duka ukun ba su ba ne, kuma yaron ne ke shan wahalar kowanne.

2/ Ga yadda abin yake. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 7 ya fara ƙifta ido da sauri ba ƙaƙƙautawa. Bayan 'yan watanni ya bar wannan, ya koma ɗaga kafaɗa ko karkata wuya farat ɗaya. Daga baya sauti ya shigo: gyaran murya, jan hanci, wata gajeriyar ƙara, ko maimaita kalma ɗaya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan shi likitoci ke kira tic. Ba a cewa Tourette ce sai motsi iri-iri da aƙalla sauti ɗaya sun wuce shekara guda suna zuwa, kuma sun fara kafin shekara 18. Abin ya fi tsanani tsakanin shekara 10 zuwa 12, kuma da yawa yakan lafa musu bayan sun balaga. Ta fi kama maza, ninki 3 zuwa 4 a kan mata.

3/ Tana bin jini. Tushenta wasu sassa ne can cikin ƙwaƙwalwa da aikinsu shi ne tace motsi, su bar wanda mutum ya yi niyya ya wuce, su tare sauran. Ba ta rage basira, ba ta rage tsawon rai, ba a ɗaukarta a wurin wani. Sunan kuwa na mutum ne: Georges Gilles de la Tourette, likita a asibitin Salpêtrière da ke Paris, wanda ya rubuta bayanin mutum 9 masu ita a 1885. Malaminsa Jean-Martin Charcot ne ya laƙaba wa larurar sunan ɗalibin nasa.

4/ Abin da ya sa nake ganin maganar suna ba ƙarama ba ce shi ne labarin Brad Cohen, wani malamin firamare a Amurka mai wannan larurar. A St. Louis ya tashi. Yana aji biyar malaminsu ya fito da shi gaban aji, ya sa shi ya nemi gafara kan ƙarar da yake yi, ya kuma yi alkawarin ba zai sake ba. Alkawarin da ba shi da ikon cikawa ke nan. Sai da ya kai shekara 12 mahaifiyarsa ta gano sunan abin da ke damunsa ta hanyar bincikenta. Daga baya shugaban makarantarsu ya ba shi dama ya tsaya gaban ɗalibai duka ya yi musu bayani, kuma daga nan zamansa da su ya sake.

5/ Ya yi karatun koyarwa a Jami'ar Bradley, ya tafi Atlanta neman aiki a 1996. Makarantu 24 suka gana da shi suka ƙi ɗaukarsa. Ta 25, Mountain View a jihar Jojiya, ita ta ba shi aji. A 1997 aka ba shi lambar yabo ta sababbin malamai a jihar. Abin da yakan fara yi da sababbin ɗalibansa shi ne ya gaya musu sunan larurar, ya bar su su yi ta tambaya har su gamsu.

To ku ɗauko malami irinsa ku tsayar da shi gaban yara 'yan aji biyu a Kano ko Maraɗi, alli a hannu, wuyansa ya karkata, ƙarar ta fito, yara sun yi tsit suna kallonsa. Me zai ce musu da Hausa? Me zai ce wa hedimasta ranar ganawar neman aiki? Wannan shi ne ma'aunina. Kalmar da nake nema dole yaro ɗan shekara 7 ya gane ta, kuma dole ta faɗi da kanta cewa ba da gangan ba ne.

6/ Farfaɗiya ta fita tun farko. Mai Tourette ba ya faɗuwa, ba ya suma, yana sane da duk abin da ke faruwa. Ga kuma tsangwamar da muka riga muka ɗora wa masu farfaɗiya, har da camfin cewa ana ɗauka ta yawu. Duk malamin da aka jingina wa wannan kalma, iyaye za su fara cire 'ya'yansu daga ajinsa.

7/ Karkarwa, makyarkyata da rawar jiki ma ba su dace ba. Waɗannan jiki ne ke kaɗawa a jere, irin na zazzaɓi ko tsufa. Wannan kuwa farat ɗaya yake zuwa, ya ɗauke, ya dawo.

8/ Fizge-fizge ita ce ta fi jan hankalina da farko, domin ta kama siffar abin sosai: sauri, ƙarfi, maimaici. Matsalarta inda muka saba jin ta. Idan aka ce yarinya tana fizge-fizge, abin da ke zuwa ran mai sauraro shi ne a riƙe ta, a kira mai ruƙiyya. Mun koma gidan jiya ke nan. Kuma ba ta ɗauki sauti ba. Ba wanda zai kira gyaran murya fizga. Zabura kuwa tana buƙatar abin da ya tsorata mutum, alhali nan ba abin da ya firgita shi.

9/ Ga wadda nake kawowa: suɓuta. Duk Bahaushe ya san suɓutar baki. Idan mutum ya ce “suɓutar baki na yi,” an gane maganar daga bakinsa ta fito amma ba da niyyarsa ba, kuma akan yi masa uzuri. Uzurin yana cikin kalmar tun asali. Don haka sai mu ce suɓutar motsi ga na ido, wuya da kafaɗa, suɓutar sauti ga na maƙogwaro da hanci. Idan ana maganarsu gaba ɗaya, suɓuce-suɓuce, wanda ya nuna abin yana maimaituwa kuma iri-iri ne.

10/ Akwai dalili na biyu, kuma shi ya fi ƙarfi a wurina. Abu ba ya suɓucewa sai wanda ake riƙe da shi. Masu larurar da yawa suna cewa kafin motsin ya fito sukan ji wani matsi yana taruwa a wurin, kamar atishawar da ta taho kana tsakiyar jama'a: za ka iya danne ta na ɗan lokaci, amma hankalinka duka yana kanta, kuma ƙarshenta sai ta fita. Shi ya sa yaro zai iya daurewa a aji, ya dawo gida abin ya ɓarke, iyaye su ce ai da gangan yake yi tunda a makaranta ya iya yin shiru. Gajiya, damuwa da zumuɗi suna ƙara shi. Nutsuwa kan aikin da mutum ke so takan rage shi. Masu kallon ƙwallo sun san Tim Howard, tsohon golan Manchester United da Everton, wanda ya tsare ragar Amurka a gasar cin kofin duniya ta 2014. Da wannan larurar ya yi duk wasanninsa. Horon da ƙwararru ke bayarwa ma a kan wannan matsin aka gina shi: a koya wa mutum ya gane shi da wuri, ya yi wani motsin da zai tare wancan. Idan abin ya yi tsanani akwai magunguna.

11/ Na san za a ce suɓutar baki magana ce mai ma'ana, don haka kalmar za ta sa a zaci mai larurar zagi yake suɓutowa. Wannan ƙorafi ne mai kyau. Zagin da ke fita ba da niyya ba yana faruwa, amma ga kusan mutum 1 cikin 10 ne kawai, duk da cewa shi aka fi yayatawa. Don haka ne na zaɓi sauti na bar baki. Kada mu yarda a ce “ciwon zagi” ko a rediyo ko a rubuce. Zalunci ne ga sauran taran, kuma ko shi na goman ba zagi yake nufi ba.

12/ Sunan larurar kanta kuwa, ina ganin mu bar wa likitan sunansa, mu rubuta shi yadda ake furtawa: Turet. Uba da ya je asibiti a Zariya ko Damagaram yana buƙatar sunan da likita zai gane nan take, da Turanci ya yi karatu ko da Faransanci. Kuma mu ce larura, kada mu ce cuta, domin kunnen mutane na haɗa cuta da abin da ake gudun ɗauka.

13/ Ga yadda malamin zai faɗa: “Yara, ina da larurar Turet. Wani lokaci motsi ko sauti yakan suɓuce mini. Ba ciwo nake ji ba, ba a ɗauka, kuma ba da ku nake ba. Mai tambaya ya ɗaga hannu.”

14/ Saura abu biyu. Mutanen Sakkwato, Katsina da Gobir, ko suɓuta tana da wata ma'ana a wurinku da za ta ɓata wannan? Sannan masu larurar da iyayensu, ku ne za ku riƙa faɗin kalmar nan kullum, don haka idan ba ta kwanta muku ba ku faɗa, mu sake nema.