Masu cuta ɗaya ma suna ƙyamar juna?

Maman Hanif: Yayana na kwance a gidan jinyar masu ƙanjamau, jiki ya yi nisa. Amininsa a can wani tsohon direban tirela ne, shi ke ba shi kunu da cokali. Sauran 'yan ɗakin ko sallamar direban ba sa amsawa, wai shi ya jawo wa kansa, tasu kuwa ƙaddara ce. In sa baki?

Anti Nas: 'Yar'uwa, ƙwayar cutar ɗaya ce a jikinsu duka. Tarin fuka ne abin kiyayewa a ɗakin, shi ke bin iska.

Baba Mai Goro: Kada ki yi musu wa'azi, 'yata. In kin kai abinci, fara zuba wa direban a gabansu.

Maman Hanif: To Baba. Ɗanwake yake so, gobe zan kai.