Fedal ɗin bisturi ya fara gardama, a gyara ko a sayi sabo?

Majo: Salamu alaikum jama'ar zaure, ina wuninku, ya gardi. Shawara nike nema don Allah. Fedal ɗin bisturinmu na bulok, wato abin takawa na injin wutan da ake yanka da tsaida jini da shi a ɗakin tiyata, ya fara ba mu wahala, ɓangaren shuɗin nan na kowag, mai tsaida jini, wani lokaci sai an taka an sake takawa kahin injin ya amsa, wani lokaci kuma ya amsa ya ƙi saki, ƙahwa ta tashi amma ƙara na ta tahiya. Na ruwan ɗorawa, mai yanka, lahiyarshi lau. Injin tsoho ne na kyauta, ba takardu ba komi. Jestiyoner ya ce in kawo mishi farashi. Wa ya san inda ake samun na kirki, nan Maradi ko Yamai ko Kano?

Mai sa barci: Wa alaikumus salam Majo. Kahin maganar farashi, wanga da kika ce yana ƙin saki, a hidda shi daga sal, ɗakin aiki, yau yau ɗin nan. Wanda ya ƙi amsawa haushi kawai yake badawa, wanda ya ƙi saki shi ka ƙona mutum.

Majo: An hidda shi tun da sahe Malam, da maɓallin hannu na mansh, abin da likita ka riƙe yana yanka, muke aiki yanzu. Matsalar fens ɗin bifoler ce, hantsakin nan mai tsaida jini tsakanin bakinshi biyu, ita ba ta da maɓalli, kuma a injinmu shuɗin nan ne ka tada ta.

Injiniya: Hajiya Majo ina wuni. Kar ki kai farashi tukuna, a auna shi. Yawancin waɗanda ake kawo mini an ce sun mutu kabul ne ya karye daga ciki, daidai inda ya hito daga jikin fedal ko daidai wuyan fis, saboda ana ɗaukarshi ta wutsiya kuma tayar keken injin na bi ta kai kullum. A cire fis daga injin, a sa multimetir a wurin ƙara, mutum guda ya taka ya riƙe, na biyu ya riƙa lanƙwasa kabul ɗin sannu sannu tun daga kai har gindi, in ƙarar ta yanke a wani wuri to an kama ɓarawon. Amma wanga na maƙalewa ba kabul nike zargi ba, ko dai resor ya gaji, ko ruwa ya shiga cikin ɗan makunnin ya yi tsatsa. Akwai wanda na buɗe bara daga wani asibitin gunduma, busasshen jini ne da ƙurar hunturu sunka haɗu sunka zama kamar laka a ƙarƙashin marhin, ga ƙwan kyankyaso jere a kusurwa, robar da ke rufe bakin ta tsage gida biyu. Na wanke na canza makunni ya koma aiki, amma na hwaɗa musu gaskiya, ya daina zama mai hana ruwa shiga.

Ɗan Tasawa: Ni abin da munka yi wajenmu leda muke sa mishi, babba mai kauri, a ɗaure bakin da filasta. Tunda munka fara ba mu sake jin kanshi ba.

Sajfam: Leda tana taimako amma sai in ana canza ta bayan kowane aiki. Ku da ba ku yin sezariyen da yawa ba za ku gane ba, in faya ta fashe ruwan nan da jini duk ƙasa suke sauka, ledar ta huje ba wanda ya lura, ruwa ya shige ciki ya kwana yana jiƙa fedal ɗin har gobe. Ga santsi kuma, likita na neman shi da ƙahwa yana guje mishi.

Injiniya: Gaskiyar Hajiya ce. Shi ya sa in za a saya a juya shi a karanta cikinshi. Za ku ga IP da X da lamba. IPX1 ɗigon ruwa kawai yake jurewa, wannan na ɗakin konsiltasiyo ne. Na bulok a nemi IPX8, shi ne wanda anka gwada a nutse cikin ruwa. In ba a rubuta komi ba a aje mishi kayanshi. Kuma ƙa'idar kayan likita ta duniya, IEC 60601, ta ce fedal ya iya ɗaukar nauyin babban mutum, don haka wanda kunka ɗaga kunka ji shi sakayau kamar abin wasan yara ba na asibiti ba ne.

Ɗalibi: Ina gaida iyayena da malamaina. Tambaya gare ni ku yi haƙuri. Na ga masu ɗinki a babbar kasuwa suna da fedal na moto, ga araha, ba za a iya canza mishi fis a haɗa ba kahin a samu na asali?

Injiniya: A'a ƙanena, kar ma ka hwaɗa a gaban wani ya gwada. Na keken ɗinki kuran 220 ke bi ta cikinshi, aikinshi rage gudu da ƙara gudun moto. Na bisturi makunni ne kawai, ƴar ƙaramar wuta ke bi ta ciki ta gaya ma injin tashi ko tsaya, kuma an raba ta da kuran ɗin bango da gangan saboda mutum na tsaye cikin ruwa. Ba abu ɗaya ba ne ko kaɗan.

Dakta: Salam. Ina cikin sal ne sai yanzu na ga saƙonni. Ɗalibi ka yi tambaya mai kyau, ka ci gaba da yi. Majo, ni dai in da kuɗi a sayi na kamfanin da ya ƙera injin, in babu a sayi wanda aka rubuta ƙarara cewa na wannan samfurin ne. Abin da nake so in ƙara shi ne launi da wuri. Ruwan ɗorawa yanka, shuɗi tsaida jini, wannan ƙa'ida ce a ko'ina, daga Erbe na Jamus har injinan Sin da ake kawo mana, kuma sautin da injin yake yi ma daban ne ga kowanne. To ni ba na kallon ƙasa in ina aiki, idona na cikin ciki, ƙafata ce ta haddace, kamar direba da birki da totur. Ranar da aka kawo mini fedal da aka gyara aka juya wayoyin, na taka shuɗi injin ya yi kukan yanka, Allah ya sa a kan kompires mai jiƙe na gwada kafin in taɓa mara lafiya. Saboda haka duk wanda ya gyara ko ya kawo sabo, a gwada a gaban majo, a taka kowanne a saurari kukan a kalli fitilar da ta kama.

Mai sa barci: Kuma a daina rage ƙarar injin. Na san tana damun wasu amma da gangan anka yi ta yadda ba ta kashewa gaba ɗaya. Ni ina bayan labule wajen kan mara lahiya, ban ganin hannun likita, ƙarar nan ce ka gaya mini ana ƙuna. In ina ba da oksijen ta mask kuma aikin a huska ne ko wuya, ko an shahwa alkol bai gama bushewa ba ya taru ƙarƙashin zane, taku guda na kuskure ya isa wuta ta tashi.

Sajfam: Taku na kuskure kam ana yinshi. Ed, mataimakin likita, na gyara tsayuwa ya ɗora ƙahwa a kai, mansh na kwance bisa zanen mara lahiya. In ba a aiki da shi a maida shi cikin kubenshi na roba, kullum sai na yi ta nanatawa har an ce na cika surutu.

Dakta: Ki ci gaba da surutun Hajiya. Kuma wanda ke riƙe da mansh shi kaɗai ke takawa. Wannan al'adar ta "taka mini" ba na son ta, ko malami ne da ɗalibi.

Alhaji mai kaya: Salamu alaikum likitoci, Allah ya ƙara lahiya. Ni ina shiga Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, kuma ina da mai aiko mini daga Dubai. Ana samu, na asali da kwafi duka, amma Hajiya ki turo mini hoton hwarantin bayan injin inda anka rubuta suna da lamba, da hoton bakin fis ɗin daga gaba yadda zan ƙirga haƙoran. Misali na Valleylab, Force 2 da Force FX, fedal na monofoler, wato na mansh, haƙori huɗu ne, na bifoler uku, ramukansu daban a bayan injin. Wani kamfanin kuma nashi daban. Har ma akwai wanda fis zai shiga daidai amma haɗin wayoyin ciki ba ɗaya ba. Ban son in kawo kaya ya zauna mini.

Majo: Alhaji in anka kawo bai yi ba kana amsar abinka?

Alhaji mai kaya: In laihin nawa ne ina amsa. In hoton da anka turo mini ne na wani injin daban, sai haƙuri.

Ɗan Tasawa: Ni kam mi kuka gani game da marar waya? Na gani a wani taro a Yamai, ba kabul ba komi, sal fes.

Injiniya: Yana da kyau, Steute na Jamus suna cikin masu yin irinshi, kuma kabul ɗin da nike ta kuka da shi ya kau. Amma ka tambayi kanka wa zai riƙa duba batir. In an kira sezariyen ƙarhe ukun dare an taka shiru, sai a hwara neman fil a aljihun mai gadi. Sannan in sal biyu ne da iri ɗaya, mai shara ya ɗauki na nan ya kai can, ka taka a sal ta ɗaya injin sal ta biyu ya tashi, sai in an liƙa ma kowanne lamba babba. Inda akwai injiniya zaune kullum ba laihi. A gunduma ni ban bada shawara ba. Wanda ma nike so a ƙasarmu shi ne tsohon yayin nan na iska, irin na injinan Eschmann na Ingila na da, roba ce kawai kake takawa iska ta bi tiyo ta tura makunnin da ke cikin injin, ba wuta ko kaɗan a ƙasa, ko ka zuba mishi bokiti ba ruwanshi. Sai dai injin ne ya kamata a ce an ƙera shi haka tun hwarko, ba a ɗora shi ga kowane.

Dakta: Masu aikin furostat ta mafitsara su ne suka fi kowa bukatar mai hana ruwa, aikin duka da ƙafa ake yi kuma ruwan wanki lita lita yake zuba. Su da masu selyo, aikin ciki da kamara ta ƙaramin rami. In za ku fara ɗayan biyun nan Majo, ku sayi biyu a ajiye ɗaya a kabad.

Likitan ido: Ku naku mai sauƙi ne wallahi, ɗorawa da shuɗi. Na injin fako na cire yanar ido hawa uku gare shi a taku ɗaya, ka ɗan taɓa ruwa ya zuba cikin ido, ka ƙara dannawa ya fara tsotsa, ka kai ƙasa sannan ya fara farfasa yanar. Ɗayar ƙafar kuma tana kan na madubin aiki, kusantarwa da daidaita gani. Shi ya sa da yawanmu muke cire sabo mu yi aiki da safa don mu ji inda muke. In resor ɗinshi ya saki ba ka jin iyakar hawa na biyu da na uku, kuma ido ba ya jiran ka gane. Injiniya in ka samu lokaci ka leƙo ka taɓa mini nawa, lafiyarshi lau amma ina son a duba kafin ayarin aikin ido na gaba.

Injiniya: To Dakta, bayan Juma'a in sha Allah. Majo abu guda na manta, wanki. Ruwan jabel na cin ƙarhe da roba, a goge da tsumma a bi da ruwa mai tsabta a bushe, kar a tsoma shi cikin bokiti ko da an rubuta IPX8 tunda ya tsuhwa. Kuma a kahwa ƙusa ko ƙugiya jikin keken injin a riƙa rataye shi, a naɗe kabul sakwa sakwa ba a ɗaure shi tamau a jikin fedal ba.

Sajfam: Tunda ana maganar abin takawa, Alhaji kana samun asfirater na ƙahwa, na zuƙe majina? Wanda ba ruwanshi da kuran. In wuta ta ɗauke kahin gurup ya tashi jinjiri na hannunka da majina a hanci, shi kaɗai ne gatanka. Namu robar ciki ta bushe ba ya ja.

Alhaji mai kaya: Ana samu Hajiya, har irin na Ambu mai tulu biyu. Wani lokaci ma robar kaɗai ake canzawa, turo hoto.

Majo: Mersi jama'a, Allah ya saka. Injiniya zan ba mai ambilans fedal ɗin gobe in ya kawo refere, mara lahiyar da anka tura babban asibiti, ka buɗe ka gani, in makunni ne ka gyara mu riƙe shi na ko-ta-kwana. Alhaji ga hotuna nan na turo ta gehe, na hwarantin bai hito sosai ba rubutun ya goge.

Alhaji mai kaya: Na gani. Lambar ƙarshe 3 ce ko 8? Ki haska da tocin waya daga gehe ki sake ɗauka, motar Kano jibi da asuba take tashi.