Akwatina na Eurorack ya fi ƙarfin na'urar wutarsa: in ƙara ta biyu ko in sauya gaba ɗaya?

Mai_Jona:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar wutar sintesaiza mai ɓangarori, wato tsarin Eurorack, inda ake jera ƙananan na'urorin sauti (mojul) a akwati ɗaya.

Akwatina layi biyu ne na 84HP (HP ma'aunin faɗin mojul da akwati ne), kuma na'urar wutar irin ƙaramar nan ce mai faɗin 4HP da ake ɗaurawa a gaba, ana ba ta wuta da adafta daga waje. A takardarta an rubuta 1500 mA a +12V, 500 mA a −12V, 200 mA a +5V. Wayar ribon mai baki da yawa ce ke raba wa mojul-mojul wuta. Lissafin shafin ModularGrid, mai tara jimlar wutar da mojul-mojul ke ja, ya nuna ina jan 1180 mA a +12V, 470 mA a −12V, 60 mA a +5V.

Matsalolin uku ne. Wani lokaci idan na kunna, fitilu su yi ta ƙyaftawa, sikwensa (mai jera muryoyi bi da bi) ta ƙi tashi sai na kashe na sake kunnawa. Na biyu, muryar osileta (mojul mai samar da sauti) tana ɗan rawa daidai da ƙyaftawar fitilar LFO (osileta mai tafiya a hankali) ko da ban jona su ba. Na uku, akwai siririn fito a ƙarƙashin sauti.

Ina shirin komawa akwati mai layi uku na 104HP. Da mojul ɗin da zan ƙara, lissafi ya kai 2100 mA, 1050 mA da 150 mA. Shin in sayi babbar na'ura guda ɗaya, ko in ƙara ta biyu kusa da wadda nake da ita? Liniya (mai babbar taransfoma da regileta) ko mai kunna-kashe (mai daidaita wuta ta hanyar kunna ta da kashe ta da sauri ƙwarai)? Kuma za a iya haɗa biyun su taru su ba da wuta ɗaya?

Baba_Taransfoma:

Wa alaikumus salam, Malam. Fara da duba lambar da mutane suka fi mantawa da ita, wato −12V. Kana jan 470 cikin 500, kashi 94 cikin ɗari ke nan. A +12V kana wajen kashi 79, wanda da sauƙi. Na'urar wuta ba ta tara ƙarfin layukanta wuri ɗaya. Layin da ya fara cika shi ne iyakarka, ko da sauran suna da sarari.

Ƙin tashin da kake gani daga nan yake. Kowane mojul yana da kapasita a bakin shigar wutarsa, kuma a daidai lokacin kunnawa duk babu caji a cikinsu, sai su ja wuta mai yawa a tare na ɗan ƙanƙanin lokaci. Na'ura mai kunna-kashe tana ɗaukar wannan a matsayin gamuwar waya, ta yanke, ta sake gwadawa, ta sake yankewa. Ƙyaftawar fitilun ke nan. Idan ka kashe ka kunna nan take, kapasitocin suna da sauran caji, shi ya sa karo na biyu yake tashi. Lambobin da masu ƙera mojul suke bugawa galibi na lokacin da aiki ya daidaita ne, ba na lokacin kunnawa ba, wasu ma an auna su ne fitilu ba su kunne duka ba.

Don haka ake barin sarari. Kada jan wutarka ya wuce kashi 70 zuwa 80 na abin da aka rubuta a kowane layi. Mu ɗauki 75: raba 2100 da 0.75, ka samu 2800 mA a +12V. Raba 1050 da 0.75, ka samu 1400 mA a −12V. Da waɗannan lambobi biyu za ka shiga neman na'ura.

Yanzu gwada su da waɗanda aka sani. Doepfer, kamfanin da ya kafa tsarin Eurorack da A-100, ya ƙera PSU2 mai 1200 mA a kowane ɓangare na 12V, da PSU3 mai 2000 mA a +12V, 1200 mA a −12V, 4000 mA a +5V. PSU3 guda ɗaya ba za ta ɗauki sabon akwatinka ba, tun da 2100 ya riga ya haura 2000. Mean Well RT-65B, wadda masu haɗa akwati da hannunsu suke yawan sakawa, tana da 2.8A a +12V, amma ƙimarta a −12V rabin amfiya ce kawai, wato matsalarka ta yanzu za ka sake saya. Kuma an gina ta ne a kan layin +5V, ɗan sukurun daidaitawarta ma shi yake motsawa, sai +12V ya bi shi, ya ɗan hau ko ya sauka gwargwadon nauyin da ke kan layukan.

Shawarata na'ura biyu matsakaita, kowace da allon rarraba wutarta. Amma tambayarka ta ƙarshe, amsarta a'a ce ƙwarai. Kada ka taɓa haɗa +12V na ɗaya da +12V na ɗayar, haka ma −12V da +5V. Ba za su taɓa fitar da ƙarfi daidai wa daida ba; wadda ta ɗan fi za ta ɗauki nauyin duka har ta yi zafi, wani lokaci ma ta tura wuta cikin 'yar'uwarta. Layin sifili kaɗai ake haɗawa.

Idan kuma za ka tsaya kan tsarin adafta, yi lissafin wat. 2.1A sau 12 ya ba da 25.2, 1.05A sau 12 ya ba da 12.6, 0.15A sau 5 ya ba da 0.75, jimla wat 38.55. Ƙara asarar juyawa, ka raba da 0.8, ya kai wajen wat 48. A 15V hakan ya ɗan haura 3.2A, saboda haka adafta mai 15V 4A ce mafi ƙanƙantar da zan yarda da ita idan ita kaɗai za ta ciyar da komai. Sau da yawa na'urar cikin akwati lafiya lau take, adaftar ce ta gaza.

Yar_Filta:

Duk abin da Baba ya faɗa haka yake, sai dai ina so in tsaya kan matsala ta biyu, domin sabuwar na'ura mai ƙarfi ba lallai ta magance ta ba. Rawar muryar osileta ta fi kama da matsalar hanyar da wutar ke bi.

Duk wutar da mojul ya ja daga +12V ko +5V, ta layin sifili take komawa, sai abin da jan −12V ya soke. Layin nan kamar magudanar ruwa ce da gidajen layi guda suke zuba wa: idan ta yi ƙunci, abin da gida ɗaya ya zuba yana ɗaga ruwan ƙofar maƙwabcinsa. A wayar ribon, kowane zare 28 AWG ne (ma'aunin kaurin waya; ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri), turjiyarsa kusan 0.21 om a mita. Zare shida ne na sifili, biyu na +12V, biyu na −12V. Shida a haɗe sun ba da kusan 0.036 om a mita. Idan 500 mA ya bi rabin mita, ƙarshen wayar ya tashi da kusan 9 mV a kan sifilin gaskiya, ban da turjiyar bakunan jonawa.

Kada ka raina 9 mV. A tsarin 1V a kowace okteb, rabin murya 83.3 mV ne, ɗaya bisa ɗari nata kuwa, wanda ake kira sent, 0.83 mV. Wato 9 mV ya kai kusan sent 11, kuma kunne yana jin haka sarai idan osileta biyu suna tafiya tare. Da a tsaye yake, da sai ka murɗa maɓallin tiyunin ka wuce wurin. Abin da ke damun mutum shi ne yana canzawa: fitilar LFO ta kunna ta ja wuta, sifili ya motsa, osiletar da ke kan waya ɗaya ta ji. Wasu osiletocin ma kai tsaye daga layin 12V suke ɗaukar ma'aunin maɓallin tiyunin ɗinsu, don haka duk motsin layin yana shiga murya.

Maganin shi ne allon rarraba wuta mai kaurin tagulla a maimakon ribon mai baki da yawa. Kowane allo ya samu wayoyinsa daga na'urar wuta kai tsaye, kada a ɗinka su jere, na farko yana ciyar da na biyu, na biyu na uku. Yi amfani da waya 16 AWG ko mai kaurin 1.5 mm², turjiyarta wajen 0.013 om a mita, kuma ka gajarta ta. Ga layin sifili ka ninka ta biyu ko ka sa 2.5 mm². Allunan Doepfer suna karɓar bakin Faston mai 6.3 mm, a matse shi da filayar da aka yi don haka, domin baki mai sako-sako ya fi doguwar waya ɓarna. Idan allon yana da wurin shigar wuta a tsakiya, nan ya fi gefe.

Siririn fiton kuma galibi daga mojul na dijital yake, masu allon nuni da masu ƙaramin mai juya wuta a cikinsu. Gano mai laifin ba wuya: kashe wuta, cire su ɗaya bayan ɗaya, ka saurara. Tun da za ka sa na'ura biyu, ga damar raba su. Sikwensa, samfila da masu allon nuni a na'ura ɗaya. Osileta, filta, VCA (mai sarrafa ƙarfin sauti) da mikisa a ɗayar. Sai dai ka sake lissafi bayan rabon, domin na dijital sun fi cin +12V, na analog kuwa su ke cinye −12V.

Mai_Jona:

Na gode ƙwarai, Baba da Malama, Allah ya ƙara basira. Idan na haɗa sifilin na'urorin biyu, a ina zan haɗa? Wayoyin jona sauti ba su wadatar ba, tun da suna ɗauke da sifili? Sannan ba a taɓo maganar liniya da mai kunna-kashe ba.

Yar_Filta:

Ba su wadatar ba. Idan ka bar musu aikin, duk bambancin da ke tsakanin sifilin biyu zai bi ta siririyar rigar wayar da ke ɗauke da sautinka, kuma ƙugin zai riƙa canzawa duk lokacin da ka jona ko ka cire waya. Haɗa su da gajeriyar waya mai kauri daga bakin 0V na wannan na'ura zuwa bakin 0V na waccan, wuri ɗaya tak. Fulogin biyun kuma su shiga soket ɗaya.

Ka kula da +5V. Wasu mojul suna da jampa da ke zaɓar ko su ɗauki 5V daga allo ko su yi nasu daga +12V, kuma akwai ƙananan adaftoci da ake sokawa a allo su samar da 5V. Idan sabuwar na'urarka tana ba da +5V, cire irin wannan adaftar, kada tushe biyu su haɗu a layi ɗaya.

Soda_da_Waya:

Kan liniya da mai kunna-kashe, ni ba na ganin ɗaya ta fi ɗaya a kowane hali. Liniya tana da taransfoma, dayod, manyan kapasitoci da regileta irin 7812 da 7912 ko LM317 da LM337. Wutarta tsaf take, amma abin da ya yi rara zafi yake zama: idan 16V ya shiga regileta, 12V ya fita a 1A, wat 4 ke nan a kan ƙarfen sanyaya na layi ɗaya kawai. Ga nauyi, ga cin zurfin akwati, kuma taransfoma kusa da mojul mai ƙara ƙarfin sauti tana iya sa masa ƙugin 50 ko 60 Hz. Mai kunna-kashe ba nauyi, ba zafi sosai, amma ingancin tacewarta ya bambanta ƙwarai daga wannan zuwa waccan. Ga akwati mai layi uku, wadda aka ƙera musamman don Eurorack, mai kunna-kashe da ƙarin tacewa ko regileta a bayanta, ita zan zaɓa. Zafi a rufaffen akwati shi ma yana karkatar da muryar osileta, don haka a bar ramukan iska sama da ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar haɗawa, don a nan ake ƙona kaya. Na'urar da ake ɗaurawa cikin akwati tana da wutar gida ta 115V ko 230V a jikinta. Tana buƙatar fis mai jinkirin yankewa, mai alamar T, daidai da ƙimar da mai ƙera ta ya rubuta, da wayar ƙasa a ɗaure da duk ƙarfen da hannu zai iya taɓawa, da murfi a kan bakunan wutar. Idan mai taransfoma ce, a tabbatar an saita ta kan ƙarfin wutar da za a jona ta. Wanda bai saba da wannan aiki ba ya tsaya kan tsarin adafta ko ya ba ƙwararre. Manyan kapasitoci kuma suna riƙe caji bayan an cire fulogi.

Kunna na'urar ba tare da ko mojul ɗaya ba. Sa baƙin tsinken mita a sifili, ka auna kowane allo: −12V a gefen da aka yi wa alama, sai +12V, sai +5V. A baki mai fil 16, jerin daga gefen alamar shi ne −12V fil biyu, sifili shida, +12V biyu, +5V biyu, CV biyu, Gate biyu (waɗannan biyun na siginar sarrafa mojul ne, ba na ba da wuta ba). Mai fil 10 ya tsaya a +12V. Idan alamar ragi ta bayyana inda ba a sa ranta ba, tsaya nan, an juya waya.

Daga nan kashe wuta, jona mojul uku ko huɗu, kunna, auna, sake kashewa. Kada a soka ko a zare ribon da wuta a kunne. Jan zaren ribon yana zuwa −12V a allo da kuma a mojul. Kada ka dogara da ɗan tudun da ke jikin bakin wayar, domin akan samu wayar da aka matse a juye, kuma ba kowane mojul ke da dayod na kariya ba. Duba rubutun da ke kan allon mojul ɗin da idonka. Haka nan a baki marar shinge, ka tabbatar ba ka zame da jeri ɗaya ba.

Bayan komai ya hau, bar shi ya yi rabin awa a kunne, sannan ka auna a bakin da ya fi nisa da na'urar. Tsakanin 11.8V da 12.2V a kowane ɓangare ba laifi. Idan ka ga ya sauka ƙasa da haka, auna a bakin na'urar kanta: idan can ma ya sauka, nauyi ya yi mata yawa, mayar da wasu mojul kan ɗayar, idan can daidai yake, asarar tana cikin waya ko bakin jonawa. Sannan juya mita zuwa mV, tsinke ɗaya a 0V na na'ura, ɗaya a sifilin allo mafi nisa. In ka ga ya haura milibolt kaɗan, ko yana motsi tare da fitilu, ƙara kaurin wayar sifilin wannan allon.