Shago a jikin gida: kuɗin wa ne na ƙaramar hukuma, wanne ne na jiha?

Abban Nana:

Assalamu alaikum. Masu sani a taimaka da bayani. Gida ne a wata unguwa ta gefen birnin Kano, filin awon igiya, ba shi da takardar gwamnati sai ta ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. An fasa ɗakunan waje biyu an mai da su shaguna, ɗaya na kayan masarufi, ɗayan an kafa injin markaɗe. Kafin shekara ta zagayo masu karɓar kuɗi kashi uku sun zo: na kuɗin shago, na rajistar wurin sana'a, da na allon talla da ke saman ƙofa. Kowa da irin rasidinsa. Wanne ne na ƙaramar hukuma, wanne ne na jiha? Tunda kuma ana karɓar kuɗin shagon, hukuma ta amince da ginin ke nan? Sai kwatar layin da ta cushe da bolar da ta cinye rabin hanya, wa ake kai wa kuka?

Malam Akawu:

Wa alaikumus salam. Abban Nana, duka ukun suna da tushe a doka, aljihun da suke shiga ne ya bambanta. Kuɗin shago da na allon talla na ƙaramar hukuma ne. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya damƙa mata kula da shaguna, gidajen abinci, gidajen burodi, wuraren wanki da guga, tallan kan hanya, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu, har da lasisin keke, baro, amalanke da kwalekwale. Rajistar wurin sana'a kuwa ta jiha ce. Dokar tarayya ta 1998 da ta rarraba haraji tsakanin matakan gwamnati uku ta sa mata iyaka: a birni naira 10,000 na rajista da 5,000 na sabuntawa duk shekara, a karkara 2,000 da 1,000. Alƙaluman sun tsufa, jihohi da dama sun fitar da nasu jadawalin, don haka kada a ɗauke su a je ana musu da ma'aikaci. A nemi jadawalin da ke aiki a bana.

Akwai na huɗu da bai zo ba tukuna, shi ne harajin abin da mai shagon yake samu. Wannan ma na jiha ne, a Kano hukumar tara haraji ta jiha, KIRS, ke karɓa. A kan riba ake ƙiyasta shi, ba a kan yawan cinikin da ya ratsa ta aljihun tebur ba. A sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, naira 800,000 na farko da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Amma wanda ba ya rubuta sayayya da sayarwa ba shi da abin nunawa, sai a kalli cikar shagon a yanka masa. Littafi mai bango ya isa wannan aiki.

Kafin a biya kowane kuɗi a nemi takardar neman biya. Ta ƙunshi sunan mai biya, adireshin shagon, shekarar da ake bi, sunan harajin, adadin, da asusun da za a zuba. A duba sunan asusun da kyau: na hukuma ne ko na wani mutum. Rasidi kuma ya zama mai bugaggiyar lamba da tambari. In an yi shakka, sakatariyar ƙaramar hukuma ba ta da nisa, a tambayi ofishin ma'aji ko jami'in kuɗin shiga a nuna masa takardar.

Inda 'yan kasuwa suka fi cutar kansu shi ne abin da ake kira sasantawa. An rubuta dubu biyar, a ba da dubu biyu a tafin hannu ba rasidi, kowa ya ji ya ci riba. Baɗi wani ma'aikacin zai zo da littafi, babu sunanka a ciki, sai a haɗa maka da bashin bara. Na biyu shi ne rasidin da ba a rubuta shekara ko lambar shago ba, wanda ba ya kare kowa. In shagon na haya ne, a rubuta a yarjejeniya wa ke biyan kuɗin shago, wa ke biyan harajin gida, domin a nan rigimar mai gida da ɗan haya ta saba tashi.

Dokar 1998 ɗin ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara uku ko duka biyun. Dattawa kan ce ai Rimi ya soke haraji. Gaskiya ne Abubakar Rimi ya soke harajin kai da jangali a Kano a 1979, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, amma wancan harajin da hakimi da dagaci ke tarawa ne a kan kowane baligi. Kuɗin shago da na rumfar kasuwa ba sa ciki.

Baba Safiyo:

Malam Akawu ya gama da kuɗi. Tambaya ta biyu, amsarta a'a ce, kuma nan ne mutane ke asarar gini. Rasidin kuɗin shago yana nuna ka biya kuɗin yin sana'a a wurin, iyakarsa ke nan. Mallakar fili takarda ce daban, izinin gini ma daban, kuma ba ofishi ɗaya ke ba da su ba. Ana iya shekara goma ana karɓar kuɗin shago, ranar da aka zo faɗaɗa titi a shafa masa jan fenti.

Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi kaɗai ke ba da shaidar mallaka a cikinsa. Wajen wannan iyaka ne ƙaramar hukuma ke ba da takardar mallaka ta gargajiya, kuma ita ma da ƙa'ida: ba ta wuce hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo sai da yardar gwamna. Matsalar unguwannin gefe ita ce jiya gonaki ne, yau birni ya cim musu. Sai ka ga mutum riƙe da takardar ƙaramar hukuma a wurin da tuni ya faɗa cikin iyakar birni. Takardar mai unguwa kuwa shaidar ciniki ce. Tana da amfani ƙwarai in an je kotu kan wa ya sayar wa wa, amma ba ta ɗaure hannun gwamnati.

Tsara gari da izinin gini aikin jiha ne, Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka tun 2003 a shari'ar jihar Legas da gwamnatin tarayya. A Kano KNUPDA ke wannan aiki, bayanan filaye kuma suna wurin KANGIS da ma'aikatar ƙasa. A Kaduna takwarorinsu su ne KASUPDA da KADGIS. Mai da ɗakin kwana shago sauya amfanin gini ne, daga mazauni zuwa kasuwanci, kuma yana bukatar izini ko da bulo ɗaya ba a ƙara ba.

Ga yadda ake bi. A fara ɗauko safiyo mai lasisi ya auna filin ya fitar da taswira da lambobin kusurwoyinsa. Da wannan taswira ake zuwa a bincika ko filin ya hau kan awon gwamnati, ko hanyar da aka tsara, ko filin makaranta ko maƙabarta. Wannan binciken shi ne mafi arha a duk aikin, shi ne kuma aka fi tsallakewa. In ya fita lafiya sai a nemi shaidar mallaka, a haɗa da takardar ciniki, hotuna da shaidar biyan haraji. Daga nan mai zanen gini ya zana gidan yadda yake a yanzu, da shagunan a ciki, a kai neman amincewa. Wanda ya sami shaidar mallaka ya sani kuɗin ƙasa na shekara-shekara ya hau kansa, na jiha ne shi ma.

Abubuwan da suka fi jawo jan fenti sanannu ne: rumfar kwano ko dakalin da ya shigo hanya, rufe kwata da kankare gaba ɗaya ba a bar murfin da za a ɗaga a yashe ba, da gini a ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Layin 330kV ana bar masa mita 25 kowane gefe, na 132kV mita 15. Titin gwamnatin tarayya kuma yana da mita 45.72 daga tsakiyarsa zuwa kowane gefe, wato ƙafa 150. Masu awon igiya sukan matse hanya don fuloti ya ƙaru, shi ya sa layin da ya kamata mota biyu su wuce sai ka tarar da ƙyar kurar ruwa ke bi. In gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada ta gini ce da shuka da abin da aka kashe a kan filin, kuma mai ginin da ba shi da izini da raunin hujja yake shiga wannan magana.

Injin markaɗen ya fi shagon kayan masarufi haɗari. A zuba masa gindin kankare nasa na kansa, kada ya jingina da katangar da aka haɗa da maƙwabci, don girgiza na tsaga bango a hankali. Ruwan wanke injin a yi masa rami mai rufi, kada a sake shi kan layi. Dusar gero da ta wake in ta kwanta a kwata ita ke kama leda da yashi ta toshe ta, kuma ƙorafin maƙwabci ɗaya ya isa ya kawo duba-gari.

Hajiya Yaya:

Sannunku da ƙoƙari. Kan kwata da bola, a takarda aikin ƙaramar hukuma ne: titunan unguwa, fitilun kan hanya, magudanan ruwa, kwashe shara da ban-ɗakin jama'a duk suna cikin jadawalin da Malam Akawu ya ambata. A aikace, cikin birnin Kano jiha ta kafa REMASAB don shara, saboda haka kukan bola ana kai shi wuri biyu, can da kuma sashen lafiya na ƙaramar hukuma inda duba-gari suke. Kwata da kwalbati na sashen ayyuka ne.

Kukan baki ba ya shiga fayil. A rubuta takarda da sunan ƙungiyar unguwa, mai unguwa ya sa hannu, a faɗi sunan layin, tsawon kwatar da mita ko da yawan gidajen da ta ratsa, da daidai inda ruwa ke tsayawa, a liƙa hotuna. A yi kwafi uku ban da wanda za a riƙe: na ciyaman, na shugaban sashen, na kansilan mazaɓa. A tabbatar an buga wa kwafin da za a riƙe tambarin karɓa da kwanan wata. Lokaci ma yana da tasiri. Yashe kwata a nema tun Maris ko Afrilu kafin ruwa ya sauka. Sabon gini kamar kwalbati kuwa sai an sa shi a kasafin kuɗi, don haka a kai tun ana shirya na shekara mai zuwa, wajen ƙarshen shekara. In unguwa ta yi aikin gayya ta yashe da kanta, a shirya motar kwashewa a ranar, in ba haka ba ruwan farko zai mai da dattin inda aka ciro shi.

Kada kuma a ɗauka kuɗin shagon nan ne ke gina titi. Yawancin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, har da 44 na Kano, da kason tarayya suke rayuwa: kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya da kashi 35 na harajin VAT. Albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya na matakin farko ke cinye kaso mai yawa kafin a zo maganar aiki. Shekara da shekaru kuɗin ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake bi. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ta kuma ce naɗa kantoma a madadin zaɓaɓɓen shugaba ya saɓa wa tsarin mulki. Ni dai a ganina amfanin wannan hukunci ga mai shago shi ne ya rage wa ciyaman wurin ɓuya: a tambaye shi nawa ya shigo a wata, me aka yi da shi.

Ɗan Lauya:

Gyara kaɗan ga Malam Akawu, Allah ya ƙara sani. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Kalaba, a shari'ar ƙaramar hukumar Uyo da gwamnatin Akwa Ibom, ta ce dokar 1998 ɗin ta ci karo da tsarin mulki. Saboda haka mai jayayya da wani kuɗi ya fi tsira in ya dogara da jadawali na huɗu da kuma dokar majalisar jiharsa, ya tambaya a nuna masa sashen da ya halatta kuɗin. Sannan wanda ya zo karɓa ba lallai ya zama mai kuɗin ba. A Kaduna tun dokar 2016 hukumar KADIRS ke tattara har da na ƙananan hukumomi, an kuma hana karɓar tsabar kuɗi a hannu. A Legas an haɗe harajin gida da kuɗin ƙasa a takarda ɗaya. Ganin tambarin jiha a rasidin kuɗin shago bai isa a ce na bogi ne ba.

Abban Nana:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Baba Safiyo, in an auna aka tarar dakalin shagon da rumfarsa sun shiga hanya da kamar ƙafa huɗu, a jira sai an zo ko a taɓa da kai?

Baba Safiyo:

A cire da kai, tun kafin a kai takardun neman izini, domin za su zo duba wurin da ido. Mai cirewa da hannunsa yana tsira da kwanonsa da katakonsa da ƙofar ƙarfe. Katafila ba ta zaɓe, takan haɗa da bangon da ba shi da laifi. A mayar da ƙofar shagon daidai layin katangar gidan, in ana son inuwa a sa rumfar tamfol mai naɗewa. Kwatar gaban shagon a rufe ta da fale-falen kankare masu ɗaguwa, kowanne kada ya fi ƙarfin mutum biyu. A ɗauki hoton wurin kafin gyara da bayansa, a ajiye tare da taswirar safiyo.