Shawarwarin da muka tsayar kan haɗa shiga da Facebook da tsohon shafin intanet da aka rubuta da yaren PHP

Bakinmu ya zo ɗaya kan abu guda: kada a amince da maganar burauza, wato manhajar da mutum ke buɗe shafin da ita. Idan mutum ya shiga da Facebook, sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ita ce za ta tuntuɓi Facebook ta tabbatar da lambar da ya dawo da ita, bisa tsarin ba da izinin shiga na OAuth 2.0, kafin ta buɗe masa ƙofa. Makullin sirrin manhaja kuwa ya zauna a sabar, kada ya shiga JavaScript da ke aiki a burauza, inda kowa zai iya ganinsa.

An fi jan zance kan yadda za a gane tsofaffin masu asusu a shafin idan suka shiga da Facebook. Wasu suka ce a gane su ta imel. Ni dai na fi gamsuwa da ajiye lambar shaidar Facebook a teburi daban na rumbun bayanai, domin akwai masu rajista a Facebook da lambar waya kawai, ba su da imel. HTTPS kuma, wato ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin burauza da sabar, dole ne.