Ɗana yana da galahanga, surukata ta ce daga danginmu ne: ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Mabera, cikin Sakkwato. Aurena na zumunci ne, maigidana ɗan baffana ne, ni ce ta biyu gare shi, kuma ya ba hamsin baya. Ɗana na fari shekarunshi huɗu, har yau ba ya haɗa magana. In ka kira sunanshi ko waiwayowa ba ya yi, amma in anka buɗe ledar biskit a tsakar gida zai jiyo daga ɗaki. Wuni yake shina jera murafun kwalba, in wani ya taɓa guda sai kuka da buga kai. Da munka kai shi asibiti an gwada kunne an ga lafiya lau, likita ya ce galahanga ce, wadda suke kira otizim.

Tun ran nan gida ba daɗi. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ce abin daga dangin mamata ne, don ina da kawu da ba ya shiga mutane, karatu bai shige shi ba, bai kuma taɓa aure ba. Mamata kuwa ta ce ai bakwaini na haife shi, bai yi kuka da wuri ba, don haka wahalar haihuwa ce ba gado ba. Ga shi ina goyon ƙanenshi, wata tara, shi ma namiji. Wa ke da gaskiya a cikinsu? Ƙaramin ma zai yi? In na sake samun ciki, akwai abin da zan kiyaye?

Maman Fodiyo, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Allah shi ba ki juriya, ƙanwata. Nawa shekarunshi tara. Mu ma da farko kowa rantsuwa yake babu wanga abu a zuri'arshi. Sai daga baya munka lura da kakan yaron na wajen uba: mutum mai sana'a da iyali, amma ba ya son hayaniya, ba ya zaman biki, abincinshi iri guda, in anka canza mishi wurin buta ranar ba zaman lafiya. Ba wanda ya taɓa kiranshi mara lafiya. Ki bar Inna ta yi maganarta, kar ki biye mata.

Baban Ikram:
Ni dai tun da alluran rigakafin nan sunka yi yawa muke ganin irin waɗannan ɗiya. Kuma na ji an ce farasitamol da masu ciki ke sha ma yana jawo shi.

Likitar yara:
Baban Ikram, bari in fara da kai don kada wata ta karanta ta fasa kai ɗanta rigakafi. Zargin nan ya samo asali ne daga wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, da ya wallafa rahoto a wata mujallar likitoci a 1998 kan yara 12 kacal. An gano akwai maguɗi a ciki, mujallar ta janye shi a 2010, shi kuma aka hana shi aikin likita. A 2019 an bi yara sama da 650,000 a Denmak, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa allurar ƙyanda da waɗanda ba a yi wa ba. Farasitamol kuma, a 2024 an duba yara sama da miliyan biyu a Suwidin. Da aka kwatanta 'yan ɗaki ɗaya, wanda uwar ta sha maganin a cikinsa da wanda ba ta sha ba, alaƙar ta ɓace. Mai ciki ta zauna da zazzaɓi mai zafi ba magani, musamman a daminar nan tamu ta cizon sauro, shi ne abin tsoro.

Ke kuma 'yar uwa, Inna da Mama kowacce ta riƙo gefe ne ta saki gefe.

Gado yana da babban kaso, wannan ba musu. Binciken 2019 da ya haɗa mutum sama da miliyan biyu a Denmak, Finlan, Suwidin, Isra'ila da yammacin Ostareliya ya nuna kusan kashi 80 cikin 100 na bambancin haɗari tsakanin mutane daga ƙwayoyin gado yake. Amma kada ki ɗauka irin gadon sikila ne, inda AS ya auri AS a ce kowane ciki ɗaya cikin huɗu. A sikila ƙwaya ɗaya ce. A nan ɗaruruwa ne, kowacce da ɗan tasirinta, wasu daga uwa wasu daga uba, kuma kusan kowa yana ɗauke da wasu. Wani ya samu kaɗan ya zama irin kakan da Maman Fodiyo ta kwatanta, wani su taru masa da yawa. Shi ya sa babu gwajin kafin aure da zai faɗa muku.

Batun cewa daga ɓangarenki kaɗai ne, ga abin da aka gani a Suwidin a 2014: shaƙiƙin yaro mai otizim haɗarinsa ya ninka na sauran yara kusan sau goma, wanda suka haɗa uwa kawai kusan sau uku, wanda suka haɗa uba kawai shi ma kusan sau uku. Kin ga ke nan ta uba ma yana bi. Balle ku da kakanku ɗaya da maigidan.

To ina wahalar haihuwar ta shigo? Haihuwar bakwaini, ƙarancin nauyi, da jinkirin numfashi bayan haihuwa duk an ga suna ƙara haɗari. Sai dai galibin bakwaini ba sa yin otizim. Abin da muka fahimta shi ne yaro yakan zo da nasa rabon na gado, in ya yi nauyi ko ba a samu matsalar komai ba abin zai bayyana, in kuma matsakaici ne, wahala irin wadda ɗanki ya sha tana iya ƙarasa shi. Ko tagwaye masu kama ɗaya, da ƙwayoyin gadonsu iri guda ne, galibi in ɗaya yana da shi ɗayan ma yana da shi, amma ba kullum ba. Shekarun uba ma suna cikin lissafi: yadda namiji ke manyanta, haka ake samun sababbin canje-canje a ƙwayoyin maniyyinsa waɗanda babu su a jikin kowa a dangi. Ƙarin ba mai yawa ba ne, na faɗa ne don a san lissafin ba a kan mace kaɗai yake ba.

Abu ɗaya zan ba Inna: maganar kawunki kada ki ɓoye wa likita. Akwai wata lalura da ake kira Firajayil X, tana bi ta wajen uwa, ta fi tsananta ga maza, tana zuwa da raunin koyo, kuma wasu masu ita suna da otizim. Ba na ce ita ce ba. Amma kawu na wajen uwa mai irin wannan hali abu ne da likita zai so ya ji.

Ƙaramin kuma: a 2024 masu bincike da ke bin ƙannen irin waɗannan yara tun suna jarirai sun samu kusan 20 cikin 100 su ma sun yi, kuma maza sun fi mata. Binciken Suwidin na 2014 ɗin can ya samu kusan 13 cikin 100. Ko da babban adadin muka ɗauka, huɗu cikin biyar ba sa yi.

Baba Alhaji, Gidan Igwai:
Likita, kina nufin auren zumunci ne ya jawo? Mu da iyayenmu duk haka munka yi, ga mu lafiya.

Likitar yara:
A'a Baba, ban ce haka ba. Akasarin masu otizim iyayensu bare ne. Abin da zumunci ke yi shi ne, 'ya'yan wa da ƙane sun haɗa kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka in akwai wata ɓoyayyiya mai illa a wajen kaka, ta fi saurin haɗuwa ta ɓangare biyu a jikin jika. Wannan yana bayanin ɗan kaso ne, galibi wanda ke zuwa da farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa. In abu ya maimaitu a gida, ɗa biyu ko uku, to kafin a sake haɗa wani auren a cikin gidan a nemi shawarar likita.

Ungozoma daga Arkilla:
Ni ɓangaren ciki zan taɓa, don shi ne a hannunki. Ki huta, kar ki yi kunika. Cikin da anka ɗauka ƙasa da shekara guda bayan haihuwa an ga ya fi haɗari, ga shi kin taɓa yin bakwaini. Ki fara shan folik asid tun kafin cikin ya shiga, ba sai ya yi wata huɗu ba yadda matanmu ke zuwa awo. Amfaninshi ga laka da ƙwaƙwalwar jariri tabbatacce ne. A auna miki suga da hawan jini, ki kwana cikin gidan sauro, ki haihu a asibiti inda za a taimaki jariri in numfashi ya yi gardama. Sai maganin farfaɗiya mai suna valproate, wanda ake saidawa da sunan Epilim: wanga kam an tabbatar shina ƙara haɗarin otizim da nakasa in mai ciki ta sha. Duk mai shan shi kar ta yanke da kanta, tashin farfaɗiya da ciki ya fi muni, ta je likita ya canza mata tun kafin ciki. Duk wannan ragi ne, ba garanti ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah shi saka. Zan nuna wa maigida ya karanta da kanshi, shi ya fi ni sanin yadda zai yi da Inna. Likita, mi zan duba ga ƙaramin, kuma ina zan kai shi?

Likitar yara:
A watanninsa yanzu, ki ga yana juyowa in kin kira sunansa, yana kallon idonki, yana mayar miki da murmushi. Zuwa shekara ɗaya ya riƙa ɗaga hannu ko miƙo miki abu. Zuwa wata 18 ya riƙa nuna abu da yatsa don ke ma ki gani. In ya fara kalma ko wasa sannan ya daina, kada ki jira, ko an ce miki maza dama ba sa saurin baki. Ko ba ki ga komai ba, a duba shi a wata 18 da wata 24, ki faɗa musu yayansa yana da otizim. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya dace, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Babban ma ki nemi a haɗa ku da mai koyar da magana, shekara huɗu bai makara ba.